Wace ce Wafa Sultan, kuma da gaske a gabanta aka kashe malaminta?

Ɗalibar_Likitanci ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san tarihin wannan mata ya taimaka mini, yau kwana uku ke nan maganarta tana ci mini rai.

Wata ƙawata ce ta turo mini ɗan guntun bidiyo, bai fi minti shida ba, tsohon shiri ne na tashar Aljazira. Mace ce Balarabiya, kai ba ɗankwali, Larabci a bakinta kamar an kunna famfo. Cewa take yi rikicin da duniya ke ciki ba na addini da addini ba ne, wai tsakanin masu tunanin mutanen da ne da masu tunanin ƙarni na 21, kuma mu Musulmi ta jefa a rukunin farko. Malamin da ake muhawarar da shi, a iya abin da na gani, tambayarta kawai ya yi ko ita mulhida ce, wato wadda ba ta yarda da Allah ba, sannan ya ce to ai babu amfanin yi mata faɗa. Shi ke nan.

Da na bincika sai na ga sunanta Wafa Sultan, 'yar Siriya ce, likita, kuma an ce abin da ya raba ta da addini shi ne tana ɗalibar likitanci aka shigo aji aka harbe malaminsu a kan idonta, masu harbin suna kabbara. Nan jikina ya yi sanyi. Ni ma likitanci nake karantawa. Jiya ina zaune a aji, malaminmu ya juya baya yana zane a allo, sai na tsinci kaina ina kallon ƙofa.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Ina sallata, ina azumina, ba ni da kokwanto a kan addinina, alhamdu lillahi. Amma ƙawar nan ta ce mini, "To ke da za ki haɗu da ita me za ki ce mata?" Na rasa abin faɗi, kuma abin ya yi mini ciwo. Shi ya sa nake tambaya: wace ce ita tun asali? Labarin malamin nan gaskiya ne? Kuma me ya hana shehin ya ba ta amsa da hujja?

Baban_Yara ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki goge bidiyon nan, ki kuma roƙi ƙawarki ta daina yaɗa shi. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Zuciya rauni gare ta, shubuha kuma saurin kamu gare ta, ba don na raina iliminki nake faɗa ba, ni ma kaina ba na sauraron irin waɗannan.

Ki tambayi kanki wa ya yanko minti shidan nan ya sa musu fassarar Turanci ya watsa wa duniya. Wata cibiya ce a Washinton mai suna MEMRI, an kafa ta a 1998, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Yigal Carmon, tsohon kanar ne a sashen leƙen asirin sojan Isra'ila. Ba a rufe wata uku ba mujallar Time ta sa matar cikin mutum 100 da suka fi tasiri a duniya a 2006. A kan wane aiki? Wace cuta ta samo wa magani? A Maris 2008 ta koma Aljazira ta kare masu zanen ɓatanci ga Fiyayyen Halitta (SAW), har sai da tashar ta fito ta ba masu kallo haƙuri. A 2010 da aka gurfanar da ɗan siyasar nan Geert Wilders a kotu a ƙasarsu Holan saboda kalamansa a kan Musulmi, tana cikin shaidun da ya gabatar. Wanda ya san waɗannan ya san inda ta sa gaba. Allah Ya shirye ta in mai shiryuwa ce, Ya kare mana imaninmu.

Tsohon_Ɗalibin_Sham ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Alhaji, duk abin da ka kawo haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ko ta goge bidiyon tambayar tana nan, yarinyar nan ta riga ta ji abin da ta ji. Ka yi mini izini in faɗa mata abin da na sani.

Ni ba a waya na fara ganin shirin nan ba. Kai tsaye na kalle shi, daren Talata 21 ga Fabrairu 2006, a birnin Dimashƙ, lokacin ina karatun Larabci a can. Ina haya a unguwar Ruknuddin, gindin dutsen Ƙasiyun, ɗaki ɗaya a saman gidan wani dattijo mai gyaran agogo. Duk Talata bayan isha'i sai ya ƙwanƙwasa bututun ruwa sau uku, alamar in sauko mu kalli shirin muhawara na Faisal al-Ƙasim a Aljazira, wanda daga cikinsa aka yanko bidiyon nan, ya ce a nan zan koyi Larabcin rigima wanda ba a koyarwa a makaranta. Sanyi ake zubawa a daren. Muna zaune dab da murhun nan nasu mai shan man dizal, man yana ɗiga ɗis-ɗis daga ɗan tankinsa, butar shayi a bisa.

Ki fara sanin yanayin da aka yi maganar a ciki. Kwana 17 kafin nan, ranar 4 ga wata, an banka wa ofisoshin jakadancin Danmak da Nowe wuta a cikin birnin, saboda zanen ɓatancin da wata jaridar Danmak ta buga a Satumban 2005. Washegarin shirin kuma aka wayi gari da labarin an tarwatsa ƙubbar zinariya ta hubbaren Askari a Samarra, Iraƙi ta rufta cikin kisan Sunni da Shi'a. A tsakiyar gobara matar nan ta buɗe baki, kowa zuciyarsa a wuya.

An haife ta a 1958 a Baniyas, ƙaramin gari a gaɓar Bahar Rum, tsakanin Lazikiyya da Ɗarɗus. Gidansu Alawiyawa ne, wata ɗariƙa da ta samo asali daga Shi'a. Wannan ita ce maganar da masu yabonta da masu tsine mata duk suke tsallakewa, alhali in babu ita labarin ba ya fahimtuwa. Alawiyawa 'yan tsiraru ne, wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na mutanen Siriya, talakawan kan duwatsu da aka daɗe ana yi wa kallon raini, har da tsofaffin fatawoyi da suka fitar da su daga Musulunci. Sai ga shi a 1970 ɗayansu, Hafiz al-Asad, ya ƙwace mulki, ya cika manyan kujerun soja da na leƙen asiri da danginsa da mutanen yankinsa. Daga 1976 wasu masu ɗaukar makami da suka tsiro daga jikin Ikhwanul Muslimin, ana ce musu Ɗali'a Muƙatila, suka shiga kisan ɗauki ɗai-ɗai. Hafsoshi, malaman jami'a, likitoci, yawanci Alawiyawa ko na kusa da gwamnati. Ranar 16 ga Yuni 1979 aka tara ɗaliban makarantar sojan manyan bindigogi ta birnin Halab (Aleppo) a ɗakin cin abinci aka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce 32 ne suka mutu, wasu sun ce sun kai 83, akasarinsu Alawiyawa. To a wannan birni, a wannan shekara, Wafa tana jami'ar Halab tana karatun likitanci. 'Yar shekara 21, 'yar Alawiyawa, nesa da gida. Ki auna irin barcin da take yi.

Malamin da take magana a kai sunansa Yusuf al-Yusuf, likitan ido ne. An kashe shi, wannan babu jayayya. Jayayyar a kan inda aka kashe shi ne. Ita ta gaya wa jaridar New York Times a Maris 2006 cewa a aji ne, tana kallo. A 2007 wata jaridar Musulmi ta kudancin Kaliforniya ta buga bincikenta, ta ambato shugaban tsangayar likitanci na jami'ar yana cewa a wajen harabar jami'a aka kashe shi, ba a taɓa harbe kowa a cikin aji ba. Ga maganarta, ga tasu. Ni a wurina ko a aji ne ko a bakin titi, an kashe likitan ido wanda ba ya riƙe da makami, kuma waɗanda suke irin wannan kisan a lokacin cewa suke don Allah suke yi. Duk wanda ya ce miki labarin ƙirƙira ne daga farko har ƙarshe, bai yi wa gaskiya adalci ba.

Inda na rabu da ita shi ne abin da ta yi da wannan ciwo. Haushin kaza ta huce a kan dami. 'Yan bindiga ƙalilan suka yi ta'asa, ita kuma ta ɗauki laifin ta ɗora wa Alƙur'ani da Annabi da mutum fiye da biliyan ɗaya, har ta kai ga cewa ba fahimtar wasu ce ta karkace ba, addinin ne kansa matsalar. Kuma labarin Siriya rabi kawai ake ba ku a bidiyon. Ga ɗaya rabin. Ranar 27 ga Yuni 1980, kwana ɗaya bayan an yi yunƙurin kashe Hafiz, dakarun ƙanensa Rifa'at suka shiga kurkukun Tadmur suka harbe ɗaruruwan fursunoni a cikin ɗakunansu. A Yulin shekarar aka kafa doka mai lamba 49, wadda ta ce zama ɗan Ikhwan kaɗai hukuncinsa kisa. A Fabrairun 1982 aka yi wa birnin Hama ƙawanya, aka yi makonni ana ruwan wuta, aka baje tsofaffin unguwanni da masallatai da coci-coci. Waɗanda suka ƙiyasta mamatan, mai ragewa ya ce 10,000, mai ƙarawa ya ce 40,000. Waɗanda suka yi wannan ba kabbara suke yi ba. Jam'iyyar Ba'as ce, mai taƙama da cewa ta raba addini da mulki, mai kiran kanta ta ci gaba da zamani. In kisan da aka yi da sunan abu ya isa a yanke wa abin hukunci, to zamanin da take kira gare shi ma sai ya hau kujerar mai laifi.

A 1989 ta tafi Amurka ita da mijinta, suka zauna a yankin Los Anjeles. A nan ina girmama ta, gaskiya ɗaya ce. Likita ce a ƙasarta, ta je inda takardarta ba ta ba ta damar duba mara lafiya, ga Turanci bai zauna ba. Ta yi aikin karɓar kuɗi a gidan mai, ta tsaya bayan kanta a shagon sayar da fiza, da dare tana karatun jarrabawar likitocin can tana kuma rubuce-rubuce da Larabci. Wani shafin intanet na wani ɗan Siriya mazaunin Amurka ne ya riƙa buga mata, daga nan Aljazira ta gano ta, ta fara gayyatarta a Yulin 2005. Wancan na farko bai yi ƙara sosai ba. Na biyun ne ya tashi gari, aka kalli guntun fiye da sau miliyan cikin 'yan makonni, a lokacin da intanet ba ta kai ko'ina ba.

Sai kuma mu muka ƙarasa mata aikin. Aka riƙa kiran wayarta ana mata barazanar kisa. Mace ta ce addininku na kisa ne, ku kuma kuka ce ƙarya kike yi, za mu kashe ki. Wallahi duk wanda ya ɗaga waya ya yi wannan, ya fi Wilders yi mata hidima.

Game da abin da za ki ce mata, ai maganganun nata ba su fi ƙarfin amsa ba. Ta ce Yahudawa sun fito daga kisan kiyashin Hitila amma ba a ga ɗayansu ya tarwatsa kansa a gidan cin abinci a Jamus ba, ba a ga wanda ya nuna fushinsa da kashe mutane ba. Tarihi bai goyi bayanta ba. A Afrilun 1946 wata ƙungiyar ramuwar gayya ta Yahudawa mai suna Nakam ta shafa guba a burodin fursunonin Jamus a wani sansani kusa da Nurembag, fiye da mutum 2,000 suka kwanta. A Yulin shekarar Irgun, wata ƙungiyar Yahudawa masu ɗaukar makami, ta tayar da bam a otal ɗin Sarki Dauda a Ƙudus, mutum 91 suka mutu. Ranar 25 ga Fabrairu 1994, cikin Ramadan, wani Bayahude mai suna Baruch Goldstein, shi ma likita, ya shiga masallacin Annabi Ibrahim a garin Khalil (Hebron) na Falasɗinu ya harbe masallata 29 ana sallar asuba. Ban kawo waɗannan don in ce Yahudawa duk haka suke ba. Da na faɗi haka na zama ita.

Maganar cewa mu mutanen duhu ne kuwa, ita ce ta fi ƙona mini rai, saboda amsar tana cikin birnin da ta yi karatu. A tsohon garin Halab, kusa da ƙofar Ƙinnasrin, akwai asibitin Argun al-Kamili da aka gina a 1354, inda ake jinyar masu taɓin hankali. Na shiga da ƙafata. Wani siririn lungu za ki bi mai duhu, sai ki ɓullo wani ɗan tsakar gida, ƙananan ɗakuna kewaye da shi, maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, haske na saukowa daga sama. An raba sassan ne gwargwadon tsananin ciwon, ana kwantar wa marasa lafiya hankali da sautin ruwa da kiɗa mai taushi. Musulmi ne suka gina shi da dukiyar waƙafi, suna neman lada. Ita da ake kira likitar ƙwaƙwalwa, kakannin sana'arta ke nan. Haka Ibnun Nafis, wanda ya fara bayanin yadda jini ke bi ta huhu, a Dimashƙ ya koyi likitanci, kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya ne. Ba ina cewa mu kwanta a kan tarihi ba, koma-bayanmu na yau gaskiya ne kuma abin kunya ne. Amma ba za a ce addinin da aka gina wancan asibiti a inuwarsa shi ne ya hana tunani ba.

Shehin kuwa Dakta Ibrahim al-Khuli ne na Azhar. Shirin kusan awa guda ne, ya yi magana mai tsawo a kan yaƙe-yaƙen da Turawan yamma suka kawo wa ƙasashen Musulmi, masu yankan bidiyon suka zubar da ita suka bar inda ya fi rauni. Duk da haka wurin da suka bari nasa ne, ba su sa masa magana a baki ba. Da ya ce ke mulhida ce, ta amsa cewa ita ba ta yarda da gaibu ba amma tana mutunta haƙƙin wanda ya yarda, ta ƙara da cewa mutum ya bauta wa dutse in ya ga dama, muddin ba zai jefe ta da shi ba. Miliyoyin mutane suna kallo, cikinsu akwai yara irinki masu neman amsa, shi kuma ya rufe ƙofa. Alhali aya ta 125 a Suratun Nahli cewa ta yi a yi jayayya da su ta hanyar da ta fi kyau. Ba ta ce sai wanda ya yi imani za a yi wa magana ba.

Uwargida ta rubuta:

Malam, Allah Ya ƙara ilimi, na ƙaru ƙwarai. Amma ka yi ta maganar bindiga da bama-bamai, ka bar wani gefen da ni shi ya fi tsaya mini a wuya, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Matar nan ba malaminta kaɗai take kuka da shi ba. Littafin da ta fitar a 2009, ga 'yar ɗan'uwanta ta sadaukar da shi, yarinyar da aka aurar tana ƙarama ga wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, ta sha azabar da ta sha, daga ƙarshe ta kashe kanta. Tana kuma yawan kawo matan da ta duba lokacin tana aiki a asibitocin Siriya, waɗanda ake kawowa da duka a jiki, bakinsu a rufe saboda tsoron gida. Ni na yi shekara da shekaru ina karɓar haihuwa. Na riƙe hannun yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, tana naƙuda kwana biyu, tana kiran uwarta. In aka ce mini Wafa ƙarya take yi a kan wannan, ba zan yarda ba, don idona ya gani.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ta ɗora wa laifin. A cikin Bukhari, Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ya warware auren. Dokar Siriya da ta daɗe tana sassauta wa namijin da ya kashe 'yar'uwarsa ko matarsa da sunan kare mutunci, sashe na 548 na kundin laifuffukan 1949, ba daga Alƙur'ani aka ɗauko ta ba, jijiyarta tana komawa ga dokar Faransa ta 1810, kuma sai a 2020 aka soke ta. Duk wannan gaskiya ne. To amma lokacin da ake ɗaura wa waccan yarinyar aure, ina masu hadisin Khansa'u suke? Wa ya tashi ya karanta shi a gaban ubanta? In an zalunci mace an ce mata addini ne, ta yi kuka an ce ta yi haƙuri addini ne, wata rana wata a cikinsu za ta gaskata cewa addinin ne, sai ta tsane shi.

Alhaji, da girmamawa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zagin da ta yi wa Annabinmu ba zan taɓa yafe shi a raina ba, ko sunanta ba na son ji saboda shi. Amma 'yar ɗan'uwanta da ta mutu ba ta zagi kowa ba.

Ɗalibar_Likitanci ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba, na ji nasiharka, ba zan tura wa kowa ba. Hajiya, maganarki ta sa ni hawaye.

Malam, wallahi ban taɓa jin sunan Hama da wannan labarin ba sai yau, na kwana ina karantawa. Na kuma nemo hotunan asibitin Halab na tura wa ƙawata, mun daɗe muna magana, wannan karon ban yi shiru ba. Tambaya ɗaya ta rage mini. Dattijon da kuka kalli shirin tare, shi me ya ce? Shi ɗan ƙasar ne, ya rayu a shekarun nan.

Tsohon_Ɗalibin_Sham ya rubuta:

A daren bai ce komai ba, ƙanwata. Da aka gama ya kashe talabijin, ya murɗa ɗan famfon man murhun ya rage wuta, ya ce mini dare ya yi. Na yi mamaki, don shi mutum ne da ba a gama shirin nan bai yanke wa ɗaya daga cikin baƙin hukunci ba. A Siriyar wancan lokaci ba a tambayar mutum abin da ya sa ya yi shiru. Bango yana da kunne, ko sunan shugaban ƙasa ba a kamawa sai a nuna sama da ido. Abin da ya faru a 1982 ma ba a kiransa da suna, "abubuwan da suka faru" kawai ake cewa a wuce.

Sai bayan wata huɗu, ina shirin barin gidan, na kai masa agogona ya canza mini batir. Shagon nasa ɗan mitsitsi ne, mutum biyu ba sa zama a sake. Yana sanye da madubin nan na ido ɗaya, ya sunkuya a kan teburi, bai ɗago ba ya ce mini shi ba ɗan Dimashƙ ba ne, mutumin Hama ne. Ya ce a watan nan na Fabrairu sojoji suka shigo layinsu suka ce duk namiji ya fito. Shi yana Dimashƙ ya zo sayen kayan gyara, hanya ta rufe bai koma ba. Ƙanensa, malamin lissafi ne a makarantar firamare, ya fita da silifa da rigar barci. Ba gawa, ba kabari, ba takarda. Shekara 24 ke nan da ɓacewarsa a lokacin, matar ƙanen ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba.

Sannan ya koma kan Wafa, ashe tana ransa duk watannin nan. Ya ce bai ji haushinta ba da ta yi kukan malaminta, ya san likitoci da malamai da aka kashe haka a Hama ma kafin sojoji su zo, kuma waɗanda suka kashe su sun jawo wa garin bala'i. Abin da ya hana shi barci shi ne ita ta samu inda za ta tsaya ta faɗi nata mamacin duniya ta ji, shi kuwa ko a cikin ɗakinsa sai ya rage murya, ga shi kuma a lissafinta shi da ƙanensa suna cikin masu duhun kai, tunda suna salla.

Garin Wafa ma, Baniyas, bai tsira ba. A farkon Mayun 2013 dakarun gwamnati da 'yan bangarta suka shiga ƙauyen Baida da wata unguwa a Baniyas, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 248 da aka kashe, Ahlus Sunna ne, har da mata da yara. Bashar al-Asad, ɗan Hafiz da ya gaje shi a mulki, ya gudu ranar 8 ga Disamba 2024. A Maris 2025 wuƙar ta juyo, aka bi Alawiyawan gaɓar teku gida-gida, Baniyas na cikin inda abin ya fi muni, kwamitin binciken da sabuwar gwamnati ta kafa da kanta ya ce fiye da mutum 1,400 aka kashe, yawancinsu fararen hula. A wasu gidajen sai an tambayi mutum shi Sunni ne ko Alawi kafin a harbe shi.

Dattijon bai karɓi kuɗin batir ba ranar. Ya rufe bayan agogon, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya daidaita shi da na bango, ya ɗaura mini a hannu da kansa. Ya gaya mini sunan ƙanen nasa, ya ce tunda ni baƙo ne zan fita ƙasar, in Allah Ya kai ni Makka in yi masa addu'a da ƙarfi, yadda na kusa da ni zai ji. Na samu zuwa Umra bayan shekara shida, na yi masa a tsakanin Rukunul Yamani da Hajarul Aswad.